Aiken Auta: Riƙon Zance da Koyon Hausa Bayan Dashen Kunne

Tsakanin ƙofar gidan da teburin mai kayan miya bai fi taku sittin ba. A kan wannan 'yar tazara ne uwar Auta ta gane cewa ta shafe shekara biyar tana auna 'yarta da mudun da ba nata ba.

Wata ranar Asabar da hantsi ta kira yarinyar, ta tsuguna har fuskokinsu suka daidaita kamar yadda aka koya mata, ta ce, "Auta, je ki wurin mai tebur ki sayo gishiri, da daddawa, da barkono, da ashana." Yarinyar ta ce, "To, Umma," ta karɓi kuɗi ta fita. Da ta dawo, gishiri da ashana ne kaɗai a hannunta, sai ragowar canji. Ba ranar aka fara ba. Abin da ya bambanta ranar shi ne uwar ta dubi kayan kafin ta dubi yarinyar, sai ta lura cewa na farko da na ƙarshe ne suka iso gida. Ta tuna na makon jiya, ta tuna na wancan makon: kullum tsakiyar saƙon ce ke zubewa a hanya. Wanda ke yin ganganci ba ya bin tsari haka.

Sai ta tuna yayan Auta lokacin da yake kamar shekarunta. In an aike shi, tun daga zaure ake jin sa yana rera kayan aiken, yana maimaitawa har ya isa, kuma in wani ya tare shi da gaisuwa a hanya sai ya dawo yana tambayar me aka ce. Auta kuwa bakinta a rufe take tafiya. Leɓɓanta ba sa motsi.

Tana da wata goma sha biyar sanƙarau ya kama ta, cikin zafin watan Afrilu, lokacin da cutar ta saba zagaya wannan yanki da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Ta tashi daga jinyar da ranta, amma 'yan kalmomin da ta fara haɗawa suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Likitoci suka bayyana cewa cutar ta lalata katantanwar kunne, wato wannan ɗan murɗaɗɗen bututu na can cikin ƙashi inda ake juya girgizar sauti zuwa saƙon jijiya, suka kuma yi gargaɗi cewa bayan sanƙarau ƙashi kan tsiro ya toshe bututun, don haka jinkiri yana iya rufe ƙofar dashe gaba ɗaya. Duk da gargaɗin, sai da aka kwashe wata goma sha bakwai ana haɗa kuɗi. An sayar da fili. Uwar ta sayar da 'yan kunnenta na zinare, har dangi suka riƙa yi mata ba'a cewa ta ba da 'yan kunne ta sayo kunne. A wani asibiti a Indiya aka yi aikin, a kunne ɗaya, domin kuɗin iyakarsu ke nan.

Na'urar kashi biyu ce. Na waje yana rataye a bayan kunne, yana ɗaukar sauti ya rarraba shi, ya tura ta cikin fata da taimakon maganaɗisu. Na ciki siririyar waya ce da aka zura cikin katantanwar, mai ɗauke da tsinken lantarki daga 12 zuwa 22 gwargwadon kamfanin da ya ƙera, waɗanda ke zungurar jijiyar ji kai tsaye. Irin wannan mai tashoshi da yawa ita ce Graeme Clark ya dasa wa wani mutum a Ostireliya a 1978, kuma a 1990 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a dasa wa yara 'yan shekara biyu zuwa sama. Abin al'ajabi ce, babu musu. Amma lafiyayyen kunne yana da ƙwayoyin gashi na ciki kimanin 3,500 masu wannan aiki. Abin da tsinke ashirin ke isarwa zanen magana ne da gawayi, ba hotonta ba.

Duk da haka Auta ta ji. A ɗaki marar hayaniya, in an faɗi kalma ɗaya, takan maimaita ta daidai kusan kowane lokaci. Wannan nasarar ce ta zame mata alƙali, domin Bahaushe ya ɗora wa kalmar "ji" kaya masu yawa: da ita ake jin sauti, da ita ake jin Hausa, da ita ake jin magana a yi biyayya. Yaron da aka ce yana da rashin ji ba kurma ake nufi ba. Tun da kowa ya shaida yarinyar tana amsa kira daga bayan ɗaki, sai aka fassara duk wani saƙo da ta zubar a matsayin taurin kai. A makarantar Islamiyya ta sha bulala a kan haddar da takwarorinta suka wuce tun da daɗewa. A gida kakarta ta wajen uba ta ce, "Da can an ce ba ta ji. Yanzu an kashe dukiya ta ji, sai ta ƙi jin magana." Uwar ma, ko da ba ta furta ba, ta ɗan yarda.

Malamar Hausa ce a wata kwalejin ilimi, tsarin sauti take koyarwa. Shekara da shekaru tana zana wa ɗalibai gaɓoɓi a kan allo, tana ɗora musu alamar karin sama da ta ƙasa da ta faɗau, amma ba ta taɓa tambayar kanta inda sautin ke zama ba tsakanin shigarsa kunne da fahimtarsa. Daren ranar gishiri da ashana ta fara neman amsar.

A 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam na Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka kawo ra'ayin abin da za a iya kira ƙwaƙwalwar aiki: ƙaramin wuri inda mutum ke ajiye abin da yake amfani da shi a yanzu-yanzu, yana juya shi kafin ya zubar ko ya adana. Wani sashe nata ya keɓanta da sautin magana, kuma abu biyu ne suka haɗa shi. Akwai ma'aji, wanda abin da aka zuba masa ke dusashewa cikin kamar daƙiƙa biyu. Akwai kuma bita, wato maimaitawa a zuci, wadda ke sabunta abin kafin ya dusashe. Yayan Auta da ke rera kayan aike bitar yake yi a bayyane. Manya a ɓoye suke yin ta, kamar mai riƙe lambar waya kafin ya sami biro. A 1975 Baddeley da abokan aikinsa suka nuna cewa mutum yana riƙe gajerun kalmomi fiye da dogaye, kuma adadin da yake riƙewa ya yi daidai da abin da zai iya furtawa cikin wannan ɗan lokaci. Ma'ajin ke nan ba ƙirga kalmomi yake yi ba, lokaci yake aunawa. Daga baya Susan Gathercole tare da Baddeley suka gano cewa yaran da suka fi iya maimaita kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana su ne suka fi saurin tara kalmomi. Dalilin a fili yake: kowace sabuwar kalma, ranar da yaro ya fara jin ta, marar ma'ana ce a wurinsa, sai ya riƙe surarta kafin ya san abin da ta ƙunsa.

Wanda ya ɗauki wannan tunani ya kai shi ga yara masu dashe shi ne David Pisoni na Jami'ar Indiyana. Abin da ya dame shi shi ne ratar da ke tsakanin yaran: ga biyu, na'ura iri ɗaya, shekaru kusan ɗaya, amma ɗaya yana hira kamar bai taɓa kurmancewa ba, ɗaya kuma yana jan ƙafa. A wani nazari da ya wallafa tare da Miranda Cleary a 2003, kan yara 176 'yan shekara takwas zuwa tara, an ga cewa jerin lambobin da masu dashe ke iya maimaitawa ya gaza na takwarorinsu masu ji, cewa tsawon jerin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da iya gane kalmomi, kuma yaran da suka fi jan magana a hankali su ne masu gajeren riƙo. Mai jinkirin furuci a baki yana da jinkirin bita a zuci. Abin da ya fi tsaya wa uwar Auta a rai shi ne wani sakamakon na daban daga wannan rukuni na manazarta: ko da an nuna jerin a rubuce ko a hoto, ba tare da an furta ba, giɓin bai rufe ba. Ashe matsalar ba a bakin ƙofa kaɗai take ba. Ƙwaƙwalwar da ta yi watanni ba ta samun magana, a daidai lokacin da ya kamata ta koyi sarrafa ta, ba ta saba juya abu zuwa sauti ta riƙe ba. Nazarin Anu Sharma da abokan aikinta na 2002 ya nuna cewa hanyoyin ji na ƙwaƙwalwa sun fi karɓar gyara kafin shekara uku da rabi. Auta ta shiga da 'yan watanni a hannu. Uwar ta yi lissafin a gefen takarda sau uku, ba don ta manta sakamakon ba.

Duk wannan a kan yara masu Turanci aka yi shi. A nan ne malamar tsarin sauti ta farka a cikin uwar.

Watanni kafin wannan, wani ma'aikacin lafiya ya gwada riƙon Auta. Yana da takardar gwaji da jadawalin sakamako, duka an tsara su ne da Turanci, sai ya kyautata mata ya riƙa fassara lambobin zuwa Hausa a take. Ya duba jadawali, ya girgiza kai, ya ce ta yi ƙasa ƙwarai. Uwar ta karɓi hukuncin ta tafi da shi gida. Yanzu sai ta ƙirga da yatsu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Babu ko ɗaya mai gaɓa guda. A Turanci kuwa, daga ɗaya zuwa tara, lambar bakwai ce kaɗai mai gaɓa biyu. In ma'ajin lokaci yake aunawa, to yaron da ya riƙe lamba huɗu da Hausa ya ɗauki gaɓa takwas, alhali takwaransa Bature gaɓa huɗu ko biyar ya ɗauka. Ba ita ta fara ganin irin wannan ba. A 1980 Ellis da Hennelly sun nuna cewa masu harshe biyu a yankin Wels na Birtaniya suna riƙe lambobi kaɗan da harshensu na gida fiye da yadda suke yi da Turanci, domin kawai lambobin nasu sun fi ɗaukar lokacin furtawa. Bugu da ƙari, tun 1964 Conrad ya nuna cewa abubuwa masu kama da juna a sauti sun fi rikicewa a ma'ajin. Bahaushe kuwa yana da biyu da biyar, yana da bakwai da takwas.

Ta tara 'ya'yan maƙwabta masu shekarun Auta a tsakar gida, ta yi musu wasan da alawa. Ba bincike ba ne, kuma ba ta taɓa kiran sa haka ba. Amma abin da ta gani ya ishe ta: lafiyayyun ma ba su kai inda jadawalin ya ce ba, Auta kuma tana bayansu. Giɓin gaskiya ne, sai dai ba ramin da aka nuna mata ba ne.

Batun karin sauti ya fi wannan nauyi. Na'urar ta ƙware wajen isar da tsawo da ƙarfi da tsarin bugun magana, amma tana da rauni wajen isar da hawa da saukar murya, kuma nazarce-nazarcen da aka yi kan yaran Sin masu Mandarin da Kantonis sun tabbatar da cewa rarrabe kari yana yi wa masu dashe wuya fiye da masu ji. Uwar ta gwada da tagwayen kalmomin da take bai wa ɗalibanta a jarrabawa. Gari na zama da gari na tuwo, waɗanda tsawon wasali ya raba, Auta ba ta kuskure su. Kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya na jiki da wuya ta wahala, waɗanda kari kaɗai ya raba, sai ta yi ta canki-canka. Da a ce abin a kalmomi ya tsaya da sauƙi, domin mahalli kan warware. Amma Hausa ta ɗora nahawunta a kan kari. "Shi ya tafi" da karin sama a kan lamirin labari ne, an ce shi ne wanda ya tafi. Da karin ƙasa umurni ne, a bar shi ya tafi. Sigogin jam'i ma kowace da waƙarta: ta motoci da tagogi daban, ta riguna da kekuna daban. Ga kuma ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda ido ba ya raba su da k da d da b a leɓen mai magana, ƙafa da kafa duk ɗaya ne ga mai karatun baki. Rubutun boko bai kawo ɗauki ba, tun da ba ya nuna kari ko tsawo. Ajami aƙalla yana nuna tsawon wasali.

Haɗuwar wannan da riƙon zance ita ce ainihin matsalar. Yaro mai lafiyayyen kunne yana jin kalma ya yanke hukunci nan take, ya ajiye ma'ana ya saki sauti. Auta kuwa sai ta riƙe fassara biyu a hannu tana jiran ƙarshen jimla ya raba gardama, kuma duk lokacin da take jira, farkon jimlar yana dusashewa. Tana biyan haraji daga ma'ajin da dama can bai cika ba. Shi ya sa take dawowa daga makaranta a gajiye kamar wadda ta yi dako, ta cire na'urar ta kwanta a kan tabarma. Hijabi ma da nasa: in ya goga a bakin makirfo, ƙarar tana rufe rabin abin da malami ya faɗa, kuma ba wanda ya yi tunanin tambayar ta.

Akwai wani abu da uwar ba ta son tunawa. A asibitin da aka yi aikin an ja mata kunne cewa kada a yi wa yarinyar magana da hannu, domin ido zai yi wa kunne kishiya. Ta dawo da dokar ta shimfiɗa ta a gida da ƙarfi. Nazarin Pisoni ma ya ba dokar ɗan goyon baya, domin yaran da aka koyar da baki zalla sun fi waɗanda aka haɗa musu baki da hannu tsawon riƙo. Amma akwai wata shaidar. A 2014 Kathryn Davidson da abokan aikinta sun duba wasu 'yan yara masu dashe waɗanda iyayensu kurame ne, suka tashi da cikakken harshen hannu na Amurka tun daga haihuwa, aka ga Turancinsu na baki bai gaza na takwarorinsu masu ji ba. Adadin yaran kaɗan ne, ba a gina gari a kansa. Sai dai ya ƙarfafa tambayar da wasu masana ke yi: shin rashin sauti ne ke taƙaita ƙwaƙwalwar aiki, ko rashin harshe kowane iri? Maganar hannu ta ƙasar Hausa harshe ce mai tsarinta, kamar yadda Constanze Schmaling ta bayyana a littafinta na 2000 bayan zama da kuramen Kano. Ba a rasa masu ita a unguwa ba. Akwai wani tela kurma a bakin layi.

Da ta kai zancen ga kakar, tsohuwar ta saurara tana tsince shinkafa, ta ce, "Ke dai kin cika boko. Yarinya ta ji, ƙi ta yi."

"Inna, ta ji. Riƙewa ce ba ta yi ba."

Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta ajiye faifan. Ta kira Auta, ba da murya ba, ta buga ƙasa da tafin hannu. Ta murza yatsu biyu kamar mai barbaɗa, ta toshe hanci, ta fifita baki da hannu, ta yi alamar ƙyasta tsinke. Gishiri, daddawa, barkono, ashana. Yarinyar ta yi dariya ta maimaita duka huɗun a jere, babu wanda ya zube. Ashe tun watannin shiru, duk lokacin da uwar ta tafi aiki, haka suke hira su biyu, kuma ba su daina ba bayan an kafa doka. Kusan wannan ne kaɗai harshen da Auta ta samu tsakanin wata na goma sha biyar da na talatin da biyu.

Abin da ya biyo baya ba shi da ban mamaki. Uwar ba ta sayi manhajojin horar da ƙwaƙwalwa da ake tallatawa ba, domin ta karanta cewa yaro kan ƙware a wasan da aka horar da shi ba tare da ƙwarewar ta tsallaka zuwa harshe sosai ba. Ta janye dokar hannu. Ta daina taƙaita Hausarta zuwa kalma ɗaya-ɗaya, amma ta koyi tsayawa a gaɓar ma'ana ta ba yarinyar numfashi biyu. Ta ƙirƙiro kalmomi marasa ma'ana a kan ƙirar gaɓar Hausa, irin su "zurgame" da "fankulo", tana faɗin kowace da kari daban-daban tana ɗaga hannu tana saukewa, kuma ta lura cewa gaɓar tsakiya ce ke fara faɗuwa, tamkar daddawa da barkono. Ta je wurin malamin Islamiyya ta roƙe shi ya rage wa Auta tsawon abin da yake biya mata a zama ɗaya, ya zaunar da ita ta ɓangaren kunnen da ke da na'ura, ya bar ta ta duba rubutu yayin da take maimaitawa. Ya ce ai haka malaman allo suke yi wa kotso tun asali, kaɗan-kaɗan da yawan tilawa, cunkoson aji ne ya sa aka bari. Daga ƙarshe ta kafa sabuwar doka guda: ba a fita aike sai an maimaita shi da baki a gaban wanda ya aika, sannan a ci gaba da maimaitawa har bakin tebur.

A zangon karatun da ya biyo, ta bai wa ɗalibanta na ajin ƙarshe wani aiki da ba su saba gani ba: kowa ya auna da agogon waya daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya ƙirga ɗaya zuwa tara da Hausa, sannan da Turanci, ya kuma tattaro tagwayen kalmomi ashirin da yaro ɗan shekara biyar zai sani waɗanda kari kaɗai ya raba. Da yawa sun kawo kalmomin ƙamus da ko kakanninsu sun daina faɗa. Ta mayar musu.

Auta tana da shekara tara yanzu. Har yanzu tana bayan ajinsu a fahimtar dogon labari, kuma in masu hira suka wuce biyu takan yi murmushi ta daina bi. Ranar Asabar da ta wuce uwar ta aike ta abu biyar, ta tsaya a zaure tana leƙe. Yarinyar tana tafe leɓɓanta na motsi, yatsun hannun hagu suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya a jikin zanenta. A tsakiyar hanya wata maƙwabciya ta tare ta tana tambayar lafiyar Inna. Auta ta ɗaga mata hannu alamar ta dakata, ta wuce. Ta dawo da huɗu. Ta ajiye su a gaban uwar, ta nuna ɗan yatsan da ya rage a miƙe, ta ce, "Umma, akwai ɗaya a nan. Mene ne?"